Daga Kacau-kacau Zuwa Batir: Tarihin Ƙara a Kayan Wasan Yara

Abin wasa mai ƙara tsohon abu ne a hannun ɗan Adam, domin masu tonon kufai sun sha cin karo da kacau-kacau na yumɓu, masu 'yan duwatsu a ciki, a kaburburan yara na tsohuwar Masar da Girka da ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, kuma masanin falsafar nan na Girka, Aristotal, ya ambaci kacau-kacau a littafinsa na siyasa, inda ya nuna cewa ana ba yaro shi ne don ya shagala da shi ya bar fasa kayan gida. A ƙasar Hausa ma, yara sun daɗe suna kaɗa gwangwani, suna busa sarewar kara da usur, suna jan motar langa-langa a kan tsakuwa. Duk da haka, ƙorafin da ake ji daga bakin iyaye a wannan zamani game da kayan wasa masu batir ya sha bamban da tsohuwar tsawar da ake yi wa yaro mai kaɗa gwangwani, kuma bambancin yana da tushe a cikin yadda ake samar da ƙarar kanta. Ƙarar kacau-kacau daga hannun yaro take fitowa, ƙarar usur kuwa daga huhunsa, saboda haka da zarar hannun ya gaji ko numfashin ya ƙare, ko kuma hankalin yaron ya koma wani wuri, sai gida ya yi tsit. Gajiyar yaro ita ce iyakar da ta tsare kunnen manya shekaru dubbai, kuma tarihin da za a bi a nan tarihi ne na yadda aka cire wannan iyaka a cikin abin da bai wuce ƙarni biyu ba.

Matakin farko shi ne na sifirin, wato siririn ƙarfen da ake naɗewa da mabuɗi kamar yadda ake yi wa agogo wani, ya riƙa warwarewa a hankali yana juya ƙafafu ko ƙararrawa. A ƙarni na 19 birnin Nurembag na Jamus ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan kayan wasa na kwano, a Faransa kuma Johann Maelzel ya yi rajistar 'yar tsana mai ɗan mafuri a ciki, wadda ke kiran uwa da uba idan an ɗaga hannunta, tun a shekarun 1820. Sai dai sifirin bai raba yaro da aiki ba, domin wanin da aka yi yakan ƙare cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, kuma dole a sake murɗa mabuɗi kafin a sake jin wani abu.

Wanda ya fara sanya muryar mutum ta ainihi a cikin abin wasa don sayarwa shi ne Thomas Edison na Amurka, wanda ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a 1877, kakar garmahon da aka sani daga baya. A shekarar 1890 kamfaninsa ya fito da 'yar tsana mai tsawon inci 22, wadda aka yi gangar jikinta da ƙarfe, aka huda ƙirjinta da ƙananan ramuka don murya ta fito, aka kuma dasa mata ɗan ƙaramin garmaho mai zoben kaki a ciki, tare da hannun juyawa a bayanta. Da yake a lokacin ba a san hanyar kwafe murya ɗaya zuwa faifai da yawa ba, sai aka ɗauki 'yan mata aiki a masana'antar da ke West Orange a jihar New Jersey, kowace tana zaune gaban na'ura tana ɗaga murya tana maimaita gajeren waƙen yara, sau ɗaya domin kowace 'yar tsana. Abin bai yi kasuwa ba. Farashinta ya kama daga dala 10 zuwa 25, kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata na wancan lokaci, kakin yana saurin cinyewa a ƙarƙashin allura, muryar tana fita a shaƙe mai ban tsoro, kuma dole yaro ya juya hannun da daidaitaccen sauri kafin a gane abin da ake faɗa. Cikin 'yan makonni aka janye ta daga kasuwa bayan an sayar da 'yan ɗaruruwa kawai, wasu ma masu saye suka mayar da nasu. Ana iya cewa iyayen da suka mayar da 'yar tsanar Edison su ne farkon waɗanda suka yi irin ƙorafin da ake ji a yau, kuma su kaɗai ne a wannan tarihi suka yi nasara nan take.

Abin da Edison ya rasa shi ne ƙarfin da zai juya na'urar ba tare da hannun yaro ba, kuma a daidai wannan lokaci ake haɗa shi a wani wuri. Baturan wancan zamani galibi tuluna ne na gilashi cike da ruwan sinadari, waɗanda ba za a iya kifar da su ba balle a miƙa wa yaro. A 1886 wani Bajamushe, Carl Gassner, ya yi rajistar busasshen batir, wanda aka mayar da ruwan cikinsa ya zama kamar ƙullu aka rufe a cikin kwanon tutiya, kuma a 1896 wani kamfani a Amurka ya fara sayar da irinsa da yawa da sunan Columbia. Yana da kyau a lura da ɗaya daga cikin wuraren farko da batir ya haɗu da abin wasa: jirgin ƙasa na farko da Joshua Lionel Cowen ya ƙera wajen 1901 an yi shi ne don ya riƙa zagaye a tagar wani kanti a birnin New York, ya jawo idon masu wucewa zuwa ga hajar da ke ciki, sai daga baya mutane suka nemi sayen jirgin kansa. Tun daga ranar farko ke nan, aikin abin wasa mai lantarki shi ne tsayar da mai wucewa a ƙofar kanti, kuma wannan manufa ba ta rabu da shi ba har yau.

Yaɗuwar kayan wasa masu batir a duniya ta zo ne daga ƙasar Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙarshen 1945, lokacin da masana'antu suka zama toka, wani maƙerin kayan wasa mai suna Matsuzo Kosuge ya tattara gwangwanayen da sojojin Amurka suka zubar, ya daddage su ya ƙera 'yan ƙananan motocin jif, aka yi rububinsu a birnin Kyoto, aikin da duk wanda ya ga yaran Kano ko Damagaram suna yanka gwangwanin madara su yi mota zai gane shi da kallo ɗaya. Bayan wannan ƙaramin mafari kamfanoni irin su Nomura da Yonezawa da Masudaya da Alps suka bunƙasa, kuma a shekarun 1950 da 1960 suka cika kantunan Amurka da Turai da mutum-mutumin kwano mai tafiya yana walƙiya, da motar 'yan sanda mai jiniya, da beyar mai buga ganga. Ruhin waɗannan kaya shi ne ƙaramin injin lantarki mai araha, wanda bai fi babban yatsa ba, irin wanda wasu 'yan'uwa biyu na gidan Mabuchi suka ƙware a kansa. Mafi shahara a cikin waɗannan kayan wasa shi ne birin nan mai jajayen idanu a waje, mai riƙe da faranti biyu na tagulla, wanda da zarar an tura makunni zai yi ta gwara su da juna, idan an taɓa kansa kuma ya yage baki ya yi ƙara. Wannan biri shi ne sabon abu a tarihin yara, domin yaron da ya kunna shi yana iya tashi ya fita waje, ya manta da shi sarai, birin kuma ya ci gaba da kiɗansa a tsakar ɗaki har sai wani babba ya taso ya kashe shi.

Iyaka ɗaya da ta rage ita ce raunin batir ɗin kansa, domin baturan tutiya da gawayi na lokacin ba sa jure jan injin, sukan mutu cikin ɗan lokaci, wani lokaci ma su yi yoyo su ɓata abin wasan. Wani injiniya ɗan Kanada mai suna Lewis Urry, wanda ke aiki da kamfanin Eveready a jihar Ohio, shi ya magance wannan a shekarun 1950 da batir ɗin alkalin, wanda aka canja sinadarin cikinsa ya riƙa daɗewa ninki da yawa. Hanyar da ya bi ya gamsar da shugabanninsa tana da ma'ana a wannan tarihi: motocin wasa biyu ya ɗauko, ya sa wa ɗaya tsohon batir, ɗaya kuma sabo, ya sake su a ɗakin cin abinci na ma'aikata, ta farko ta tsaya ba da jimawa ba, ta biyu kuma ta yi ta kai da komo. An fara sayar da batir ɗin a 1959.

A daidai wannan lokaci talabijin ya sauya wanda ake yi wa tallar abin wasa. A 1955 kamfanin Mattel ya zuba dala 500,000 don ya riƙa talla duk shekara a cikin wani shirin yara na kamfanin Disney, kuma hajar da ya fara ci da ita bindigar wasa ce mai ƙarar harbi a jere. Kafin wannan, uba ne ko uwa ke shiga kanti su zaɓa. Bayan wannan, yaro ne ke gani a akwatin talabijin ya zo yana roƙo da sunan abin da yake so, kuma abin da ke motsi yana ƙara shi ya fi kama ido a talla ta daƙiƙa talatin. A 1960 kamfanin ya fito da 'yar tsana Chatty Cathy, mai ɗan faifai a ciki da zare a bayan wuya, wadda ke faɗin ɗaya daga jimloli 11 idan an ja zaren. Ita ba ta da batir, saboda haka tana cikin tsohon tsari na sai an ja a ji, amma ta tabbatar wa masu masana'antu cewa mafarkin Edison yana da riba idan na'urar ta yi ƙwari.

Babban juyin ya zo a 1978, shekarar da kamfanin Texas Instruments ya fito da Speak & Spell, na'urar koyar da haɗa baƙaƙe wadda ke magana ba tare da faifai ko kaset ba, domin an adana muryar a matsayin lambobi a cikin cip, wato ɗan ƙanƙanin yanki na silikon da aka zana wa hanyoyin lantarki dubbai. A shekarar ce kuma kamfanin Milton Bradley ya fito da Simon, wasan fitilu huɗu masu launi da sauti huɗu. Da farko irin wannan fasaha tana da tsada, amma farashin cip ya yi ta faɗuwa shekara bayan shekara, har sanya murya a abin wasa ya zama abu mai araha ƙwarai. Wanda ya taɓa buɗe cikin wayar wasa ta roba irin wadda ake sayarwa a bakin titi zai ga ƙanƙantar abin da ke ta da hankalin gida guda: ɗan allo kore da bai kai akwatin ashana ba, a tsakiyarsa ɗigon baƙin ƙaro da ya rufe cip ɗin, siraran wayoyi biyu da suka nufi lasifika mai faɗin kwabo, sai ƙananan batura uku masu kama da maɓallin riga. Babu abin rage murya a ciki, domin ƙara shi zai ci wasu 'yan kuɗi a kan kowane guda, kuma a masana'antar da ke buga dubu ɗaruruwa, 'yan kuɗin nan su ne ribar.

Shekarun 1990 sun kawo mataki na ƙarshe, wato abin wasan da ba ya jiran a kunna shi. Tamagotchi, wanda kamfanin Bandai na Japan ya fitar a 1996, ɗan ƙwai ne na roba mai allo, da wata halitta a ciki da ke kiran mai ita da ƙara idan tana jin yunwa, ta kuma mutu idan an yi watsi da ita, abin da ya sa makarantu da yawa suka hana shiga aji da shi. Furby, wanda ya fito a 1998 aka kuma sayar da fiye da miliyan 40 cikin shekaru uku, ba shi da makunnin kashewa ko kaɗan: motsi ko ƙara na iya tayar da shi ya kama surutu da tsakar dare, kuma hanyar da ta tabbata ta rufe masa baki ita ce a kwance noti a zare batura. Daga nan dabarar ta bazu zuwa kayan jarirai, inda ake tsara abin wasa ya yi shiru na ɗan lokaci bayan yaro ya ajiye shi, sannan ya sake yin kira don ya dawo da hankalinsa. A nan al'amarin ya juye gaba ɗaya, domin a da yaro ne ke neman abin wasa, yanzu kuwa abin wasa ne ke neman yaro, kuma yana yin haka ne a daidai lokacin da yaron ya fara sha'awar wani abu dabam, ko ya fara gyangyaɗi.

Dalilin da ya sa ƙarar ta yi yawa haka ba ɓoyayye ba ne ga masu sana'ar. Ana huda kwalin abin wasa a bar madanni a waje don mai saye ya gwada tun a kanti, kuma kanti wuri ne mai hayaniya, mai faɗi, inda kaya ɗari ke gasar jan kunne ɗaya, saboda haka ana saita muryar ta yadda za ta keta kwali da hayaniyar kasuwa. Muryar da aka auna don kasuwa ita ce ake kai wa ɗaki mai tsawon taku huɗu. Ƙari a kan haka, sau da yawa mai sayen ba shi ne mai zama da abin ba: kawu ne ko gwaggo ko abokin uba ya ga abu mai walƙiya ya saya don a ga ya yi bajinta, ya miƙa ya tafi gidansa, uwa kuma ta kwana da shi.

Ta wannan hanya ce abin ya iso ƙasar Hausa. Sana'ar ƙera kayan wasa ta tashi daga Japan zuwa Hong Kong da Taiwan lokacin da roba ta maye gurbin kwano, sannan ta ƙetara zuwa lardin Guangdong bayan ƙasar Sin ta buɗe ƙofofinta a ƙarshen shekarun 1970, har ta kai yawancin kayan wasan duniya a can ake ƙera su, musamman a gundumar Chenghai ta birnin Shantou, ana kuma sarinsu a babbar kasuwar Yiwu, inda 'yan kasuwar Afirka ta Yamma ke zuwa cika kwantena. Abin da ke isowa kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi galibi shi ne mafi araha a cikin jerin, kuma kasuwarsa takan buɗe ne a lokacin Sallah, sa'ad da kuɗin barka da Sallah ke hannun yara, masu talla kuma suka baza bindigogin roba masu jiniya da wayoyin wasa da motoci masu kiɗa. Akwai kuma allunan wasa masu karanta haruffa da addu'o'i da gajerun surori, waɗanda iyaye da yawa ke saye da kyakkyawar niyya, ko da yake yaro ɗan shekara biyu madannai kawai yake bi, yana yanke karatu a tsakiya ya tsallaka wani.

Ƙorafin iyaye ya daɗe ana ɗaukarsa a matsayin ƙarancin haƙuri kafin likitocin kunne su mara masa baya da awo. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, ma'aunin da ba ya hawa daidai da daidai, domin ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin sautin ya ninka. Masana lafiyar ma'aikata sun sanya desibel 85 na tsawon sa'o'i 8 a matsayin iyakar da babba zai iya jurewa a wurin aiki, kuma wannan adadi na 85 ne ƙa'idar kayan wasa ta Amurka, mai suna ASTM F963, ta ɗauka ga yawancin kayan wasa, a auna daga nisan santimita 50, tare da iyakar desibel 65 ga waɗanda ake karawa a kunne. Sashen sauti bai shiga wannan ƙa'ida ba sai a farkon shekarun 2000, ba ta kuma zama dole a bisa doka ba sai bayan wata doka da Amurka ta yi a 2008. Turai tana da tata mai suna EN 71. Raunin awon a fili yake, domin hannun jariri bai kai santimita 50 ba, kuma duk lokacin da nisa ya ragu da rabi sautin yana ƙaruwa da kimanin desibel 6, yaro kuwa a fuskarsa yake riƙe abin wasa, wani lokaci ma ya manna lasifikar a kunnensa. Wata ƙungiya a jihar Minnesota mai kula da lafiyar gani da ji ta shafe shekaru tana fitar da jerin kayan wasa mafi ƙara a kowace shekara, kuma ta sha samun waɗanda suka haura desibel 100 idan an auna a bakin lasifika.

Akwai kuma asarar da ba ta kunne ba. A wani bincike da Anna Sosa ta jami'ar Arewacin Arizona ta wallafa a mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics a ƙarshen 2015, an naɗi muryar iyaye 26 suna wasa da 'ya'yansu masu watanni 10 zuwa 16 a gidajensu, aka tarar cewa iyayen suna furta kimanin kalmomi 40 a minti idan abin wasan mai batir ne, 56 idan na katako ne ko makamancinsa, 67 kuma idan littafi ne, yaran su ma sun fi yin gwalantu idan babu na'ura a tsakani. Adadin mutanen kaɗan ne, bai kamata a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, amma abin da ya nuna ya dace da hankali: idan na'ura tana magana, uwa takan yi shiru, alhali yaro daga bakin mutum mai amsa masa yake koyon harshe. Wannan ya fi nauyi a gidan Bahaushe, inda na'urar ke magana da Turanci ko Sinanci ko Larabci, harshen uwa kuma shi ne wanda ake katsewa. Ba a musun cewa abin wasa mai magana yana da amfani a wurinsa, musamman ga yaro makaho ko mai jinkirin motsi wanda danna madanni ɗaya ke ba shi ikon sa wani abu ya faru, amma wannan amfani ba ya buƙatar muryar da ke kai wa maƙwabta.

Dabarun da iyaye suka ƙirƙiro don kare kansu kusan iri ɗaya ne a ko'ina: a manna salatif a kan ramukan lasifika, a zare batir a ce ya lalace, ko a bar shi ya mutu a ƙi sayen wani, bayan an sha 'yan kwanaki ana jin muryar tana ja tana kauri kafin ta ɗauke. Zare batir ɗin ma yana da nasa haɗari idan ƙananan nan ne masu kama da maɓalli, domin idan yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona naman wurin cikin sa'o'i biyu, abin da ya sa Amurka ta yi doka ta musamman a kansu a 2022, ya kuma sa ƙa'idojin kayan wasa suka wajabta rufe mazaunin batir da noti. Kayan da ake zubewa a faranti a bakin kasuwa sau da yawa ba su da wannan noti, murfin da farce ake ɓalle shi. Hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya, wato SON, ta sanya kayan wasa cikin hajojin da sai an tantance su kafin a shigo da su, saboda haka hurumin yana hannunta, kuma abin da ya kamata ta nema daga masu shigo da kaya bai wuce uku ba: makunnin kashewa, abin rage murya, da murfin batir mai noti. 'Yan kasuwar da ke zuwa Yiwu su ma suna da ta cewa, domin masana'anta abin da aka yi oda take bugawa, kuma duk abin wasan da ya rasa waɗannan uku bai cancanci a sa shi a kwantena ba.